Zan iya gina wa tsohuwar sabarmu manhajar tushe da hannuna?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, ina zaune a Samaru. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka sayo saba, wato babbar kwamfuta mai yi wa sauran kwamfutoci hidima ta netwok, ta gwanjo daga Legas, Dell PowerEdge R720, muna koyon aiki da ita. Na ji an ce akwai buɗaɗɗiyar manhajar tushe irin su coreboot da OpenBMC, wadda mutum zai sauko da asalin kod ɗinta ya gina da kansa ya zuba wa saba. Ta ina zan fara, me nake bukata, kuma in abin ya ƙi, sabar ta mutu ke nan?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka uku ce a ƙunshe: ko ana iya ginawa, ko abin da aka gina zai hau kan taku sabar, da kuma yadda ake dawowa in an ɓata hanya. Ta farko amsarta e, yau ma in kana da Linux da data za ka iya. Ta biyu kuwa a'a ce, gara ka ji tun yanzu kafin ka ɗauki sukundireba. R720 ɗinku ku bar kaza cikin gashinta. Amma kada wannan ya kashe maka gwiwa, domin kusan duk ilimin da kake nema za ka same shi ba tare da ka taɓa ta ba, kuma in ka fahimci dalilin a'ar nan, ka fahimci rabin sana'ar.

Kwamfuta biyu ce a cikin akwati ɗaya

Manhajar tushe, wadda masu gyaran waya na PZ ke ce wa famwaya, ita ce ke fara motsi kafin Linux ko Windows su san gari ya waye. A laftof guda ɗaya ce babba, wato BIOS ko UEFI. A saba kuwa akwai wata ƙaramar kwamfuta da ke zaune a gefen madabod, da nata furosesa, da nata RAM, da tata ƙofar netwok. Sunanta BMC. Dell na kiran tasu iDRAC, HP na ce wa tasu iLO. Da zarar ka soka wayar wuta, tun ba ka danna komai ba, ita ta riga ta farka. Ita ke kunna sabar da kashe ta daga nesa, ita ke auna zafi, ita ke ba fankoki umarni. Saboda haka in an ce manhajar tushen saba, gini biyu ake nufi, kowanne da ƙwayar filash ɗinsa: coreboot da 'yan uwansa na ɓangaren babban furosesa ne, OpenBMC na wannan ƙaramin maigadin ne.

coreboot ya faro ne a 1999 a ɗakin bincike na Los Alamos da ke Amurka, da sunan LinuxBIOS, a hannun Ron Minnich da abokan aikinsa. Damuwarsu mai sauƙin ganewa ce: suna da tarin kwamfutoci da aka haɗa wuri ɗaya, kuma BIOS na lokacin yakan tsaya yana jiran mutum ya danna maɓalli a injin da ko kibod ba shi da shi. A 2008 aka sauya sunan zuwa coreboot. OpenBMC kuwa ya fito ne daga aikin da Facebook da IBM suka fara kowa a gidansa, daga baya aka haɗe, ya koma ƙarƙashin Linux Foundation a 2018.

Dalilin da bod ke da ta cewa

Linux guda ɗaya kan hau dubban injina saboda idan ya tashi yana tarar da an share masa fage: RAM na aiki, an jera masa bayanin abin da ke jikin injin. Manhajar tushe ita ce mai sharar fagen, ba ta da wanda za ta tambaya. A daƙiƙar farko ko RAM babu. coreboot kan ari ma'ajiyar cikin furosesa ya yi amfani da ita a matsayin RAM na wucin gadi, a matakan da ake kira bootblock da romstage, har sai ya horar da RAM na gaske. Horarwar nan aiki ce mai wuyar sha'ani, domin dole a daidaita lokacin sigina a kan kowane layi gwargwadon yadda aka shimfiɗa shi a wannan bod ɗin. Bayan nan ramstage ya zagaya ya tada sauran na'urori, sannan a miƙa ragama ga abin da ake kira payload, ko SeaBIOS, ko edk2 in UEFI kake so, ko GRUB, ko ma ƙaramin Linux irin na LinuxBoot.

To kowace ƙafar cif inda aka ɗaura ta, wace ce ke kunna wutar RAM, wace ce ke sake saita katin netwok, duk sai wani ya zauna ya rubuta su don wannan bod ɗin takamaimai. In ka sauko da coreboot ka leƙa src/mainboard, za ka ga kamfanoni, a cikin kowanne ka ga bod-bod. Abin da babu sunansa a nan ba a yi masa ɗinki ba. R720 ba ta ciki. Ɓangaren BMC ma haka: OpenBMC ya fi zama a kan cif-cif na ASPEED, irin su AST2500 da AST2600, da na Nuvoton, alhali iDRAC7 da ke cikin taku a kan cif ɗin Renesas yake, wani jinsi daban.

Akwai kuma katanga ta biyu a injinan da suka fi taku sabunta. Intel na da abin da suke kira Boot Guard: mai ƙera bod yakan ƙone shaidar makullinsa a cikin cif tun a masana'anta, ta yadda furosesa ba zai karɓi manhajar da ba ta ɗauke da sa hannunsa ba. Inda aka kunna wannan, ko ka rubuta kod mafi kyau a duniya injin ba zai tashi ba, kuma ƙonawar ba ta gogewa.

Sai maganar da masu tallata abin ba su cika son a daɗe a kanta ba. A sabobin Intel na zamani, coreboot ba shi ke horar da RAM da kansa ba. Wani dunƙulallen kod ne da Intel ke bayarwa a rufe, FSP, coreboot ya kira shi ya jira ya gama. Ga kuma Management Engine, wato ME, wani ƙaramin furosesa na Intel mai tasa manhajar a gefe, wanda a sabobi ake kira SPS, shi ma a rufe. AMD na da nasu PSP, ko da yake a 2023 sun sanar da openSIL don buɗe wani sashe na tada furosesa. Don haka in wani ya ce maka sabarsa buɗaɗɗiya ce tas, tambaye shi wa ke tada masa RAM. Ni dai ina ganin rabin buɗewa ya fi rufewa ruf, domin aƙalla ka rage yawan abin da kake yarda da shi ido rufe, amma a kira abu da sunansa.

Bod ɗin sabobin da suka karɓa ba su da yawa. ASUS KGPE-D16 mai furosesa biyu na AMD Opteron ita ce aka fi ambata in ana son wadda ba dunƙule ko ɗaya a tada RAM ɗinta, kuma cif ɗin BIOS ɗinta a kan soket yake, da hannu ake zare shi. Sai dai an cire ta daga babban reshen coreboot bayan fitowar 4.11 a 2019, ga ta da shan wuta, wanda a garin nan ba ƙaramin aibi ba ne. Supermicro X11SSH-TF ta samu coreboot a 2019 ta hanyar aikin kamfanonin Mullvad da 9elements. Akwai sabobin Open Compute Project irin su Tioga Pass da Delta Lake. A OpenBMC akwai wasu bod na ASRock Rack, misali E3C246D4I. Can ƙololuwa kuma akwai POWER9 na IBM, wanda tun 2014 suka saki kod ɗin manhajar tushen injinan POWER, ake gina Hostboot da skiboot da Petitboot gaba ɗaya da op-build. Talos II ta kamfanin Raptor a wannan layin take. Ita dai hannuna bai taɓa kai wa gare ta ba, kuɗinta ba na aljihun malamin Zariya ba ne.

Fara da injin da ba ya mutuwa

QEMU shi ne makarantar allonka. Kwamfuta ce ta kwaikwayo a cikin laftof ɗinka, in ka zuba mata shirme sai ka rufe taga ka sake. A Debian ko Ubuntu ka girka git, build-essential, bison, flex, gnat, libncurses-dev, libssl-dev, zlib1g-dev da pkgconf, ka sauko da kod daga review.coreboot.org. Abin da ke ba sabon shiga mamaki shi ne matakin farko: make crossgcc-i386. coreboot ba ya son kwamfailar da ke cikin Linux ɗinka, wato manhajar da ke mayar da kod abin da inji zai iya gudanarwa, yana gina tasa daga tushe, GCC da binutils da sauransu, don kowa a duniya ya yi aiki da ma'auni ɗaya. Wannan ne ke cin lokaci, ƙara masa CPUS=4 ko adadin da injinka ke da shi, ka tafi masallaci ka dawo. Sau ɗaya ake yinsa. Kuma gnat ɗin da ka gani ba kuskure ba ne, sashen da ke kunna allon kallo na Intel da yaren Ada aka rubuta shi.

Daga nan make menuconfig, a Mainboard ka zaɓi Emulation da QEMU x86 q35, ka bar SeaBIOS a matsayin payload, ka fita, ka buga make. Cikin 'yan mintoci za ka samu build/coreboot.rom. Kunna shi da qemu-system-x86_64 -M q35 -bios build/coreboot.rom -serial stdio, ka zuba ido ga rubutun da ke zubowa. Kada ka yi saurin wucewa. Karanta shi layi-layi har ka iya nuna inda romstage ya ƙare ramstage ya ɗauka. Sannan ka buɗe kod, ka ƙara printk ɗaya, wato umarnin buga rubutu, da sunan unguwarku, ka sake ginawa, ka ga ya fito. Na sha ganin ɗalibi ya yi shiru yana kallon "Hayin Dogo" a tsakiyar bayanan tashin inji, a ranar ne yake gaskata cewa BIOS ma rubutun ɗan Adam ne. Bayan haka ka yi wasa da cbfstool ka ga abin da aka jera a cikin fayil ɗin.

OpenBMC ya fi nauyi nesa ba kusa ba, domin cikakken Linux ne ake ginawa da Yocto, kayan aikin gina wa na'urori Linux daga tushe: U-Boot, kanel, systemd, D-Bus, da bmcweb mai amsa Redfish, hanyar sarrafa saba ta netwok. Umarnin gajere ne, . setup romulus (romulus sunan wata bod ce ta IBM) sannan bitbake obmc-phosphor-image, amma bayansa akwai dubban ayyuka. Ka ware masa kamar gigabait 100 na faifai, da RAM gigabait 16 in da hali. To ka ga inda R720 ɗinku za ta yi rana: ba za ta sa rigar ba, amma tela ce ta gaske. Ku girka mata Linux ku riƙa gini a kanta, ta fi laftof ɗin kowannenku ƙarfi.

A nan ne Zariya ke shigowa cikin lissafi. Data da wuta su ne abokan gabanka, ba kod ba. A fayil ɗin local.conf ka saita DL_DIR da SSTATE_DIR su nuna wani wuri a wajen babban fayil ɗin ginin. Na farko na ajiye duk abin da aka sauko da shi, na biyu na ajiye duk abin da aka riga aka gina, don haka in an ɗauke wuta a tsakiya bitbake zai ci gaba daga inda ya tsaya. Ka fara da bitbake obmc-phosphor-image --runall=fetch a daren da netwok ke da kyau, ya kwaso komai ba tare da gini ba, sannan ka sa BB_NO_NETWORK ka yi ginin ko babu intanet. Ku huɗu ne, mutum ɗaya ya sauko, sauran su kwafa a faifan ajiya na waje. In ya kammala, qemu-system-arm -M romulus-bmc zai tada maka shi, ka shiga da root da kalmar sirri 0penBmc, sifili ne a farkonta. Kalmar nan duk duniya an san ta, don haka a bod na gaske ita ce abu na farko da za ka sauya.

Ranar da za ka taɓa ƙarfe

A ce wata rana kun samu bod mai karɓa. Ba a fafe gora ranar tafiya: kafin ka rubuta ko bait ɗaya, hanyar dawowa ta kasance a hannunka, ka kuma gwada ta. Manhajar na zaune ne a ƙwayar filash ta SPI, 'yar baƙar aba mai ƙafa 8 ko 16, galibi ta Winbond ko Macronix. Kana bukatar furogirama, wato na'urar karanta ƙwayar da rubuta mata, irin CH341A ko Raspberry Pi, da kilif mai kama ƙafafun, da manhajar flashrom, da mita, da wayar siriyal. Yawancin ƙwayoyin nan volt 3.3 suke ci, wasu 1.8, alhali da yawa daga baƙaƙen CH341A da ke kasuwa suna tura volt 5 a layukan bayanai. Sa mita ka auna kafin ka kama cif da shi.

Zare wayoyin wuta duka, ka tuna saba takan zo da fawa biyu, ka jira fitilun bod su mutu. Ka karanta ƙwayar da flashrom -r sau uku, kana cire kilif kana mayarwa, ka gwada su da sha256sum. In ba su zo ɗaya ba, ba ka da kwafi. Wani hunturu na kwashe rabin yini ina samun sakamako daban-daban, ina zargin furogirama, ina zargin waya, ashe ƙura ce ta kwanta a ƙafafun cif ɗin. Tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit suka raba gardamar. Hunturun nan ma yana da wata illa: iska ta bushe, jiki na tara wutar da kake ji tas in ka taɓa ƙofar mota, kuma wannan tas ɗin ya isa ya kashe cif. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa bod, kada kuma ka yi aikin a kan kafet ko darduma.

Kwafin asali ya fi abin da za ka gina daraja, saboda akwai abin da ke cikinsa da babu shi a ko'ina. A bod na Intel ƙwayar a rarrabe take: akwai descriptor, akwai yankin ME, wani lokaci akwai na katin netwok mai ɗauke da lambar MAC, wadda ke bambanta injin da sauran injina a netwok, sannan yankin BIOS. ifdtool -x zai warware maka su. coreboot yankin BIOS kaɗai yake maye, shi ya sa ake rubutawa da flashrom --ifd -i bios. Ni na koyi wannan da tsada. Ina da bod biyu iri ɗaya, na yi ƙyuya, na ɗauki cikakken kwafin ta farko na zuba wa ta biyu. Duka suka tashi lafiya, na yi murna. Da na haɗa su a suwic ɗaya sai netwok ya riƙa zuwa yana ɗaukewa kamar mai aljanu. Kwana biyu ina sauya kebul kafin na lura lambar MAC ɗinsu ɗaya ce. Allah ya taimake ni ban goge kwafin ta biyun ba. Tun daga ranar, kowane kwafi ina sa masa lambar da ke jikin bod ɗinsa, in ajiye a wuri biyu.

Rubutun kansa ka yi shi da laftof mai cajin batir, kada ka dogara da wutar gari ko janareton da mai zai iya ƙare masa. Amma ka kwantar da hankalinka kan tambayarka ta ƙarshe: in rubutu ya yanke ko ginin bai yi ba, injin zai yi shiru, fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, sai dai bai mutu ba. Muddin kana da kwafi da furogirama, mayarwa za ka yi ya dawo yadda yake. Abin da ke kashe bod da gaske shi ne wuta fiye da kima, da kilif da aka kama a juye, da ƙafar da aka fizge da abin dalma. Ƙafa ta ɗaya tana da ɗan ɗigo a kusurwar cif, jar wayar kilif a nan take zama. In har sai an ɗaga cif daga bod, kai wa mai gyaran waya da hannunsa ya faɗa da bulowa, kada girman kai ya sa ka koya a kan sabar mutum huɗu.

Tashin farko kuma da wayar siriyal a haɗe ake yinsa, a gudun 115200, domin allon kallo shi ne kusan na ƙarshe da ke kunnuwa. In injin ya tsaya, layin ƙarshe da ya rubuto shi ne zai gaya maka inda ya maƙale. Horar da RAM mai yawa kan ɗauki mintoci, kada ka yi saurin zare wuta. A OpenBMC kuwa idonka ya kasance kan fanka. Idan bayanin na'urorin auna zafi da ke entity-manager bai dace da bod ba, ko fankoki su yi ta ihu kamar jirgin makarantar koyon tuƙin jirgi zai tashi, ko kuma, wanda ya fi muni, su yi laƙwas furosesa na dahuwa. A zafin watan Afrilu na Zazzau wannan ba ya jira.

Ko ya cancanci wahalar

Ga sabar da ofis ko asibiti ke dogaro da ita, ba na ba da shawarar mutum ya zuba abin da ya gina a ɗakinsa, sai in yana da bod ta biyu a ajiye da wanda zai ci gaba da sabunta ginin. Wanda ya gina shi ya ɗauki nauyin toshe ɓaraka duk lokacin da aka gano ta, kuma BMC wuri ne da ake gano su: a 2019 an bayyana wata a cif-cif na AST2400 da AST2500, CVE-2019-6260, wadda ke ba wanda ya mallaki babban injin damar kutsawa cikin BMC. Amma ga ɗalibi, ribar tana da yawa. Za ka fito ka san C na ƙasa-ƙasa, ka san Yocto wanda masu ƙera na'urori ke nema, ka iya karanta takardar bayanin cif. Kuma ƙofar shiga aikin a buɗe take, gyare-gyaren coreboot da na OpenBMC duk ta shafin bitar kod na Gerrit ake duba su a bainar jama'a, gyaran kuskure a takardun bayani ma karɓaɓɓe ne.

Daga nesa ba zan iya yanke maka hukunci kan wata bod da ban ga lambarta ba, domin harafi ɗaya a ƙarshen suna kan raba mai karɓa da marar karɓa. In kana son ƙarfe mai araha na gwaji kafin saba, tsohuwar ThinkPad X230 ko T420 ta gwanjo tana karɓar coreboot, kuma kilif da flashrom da ifdtool duk aikin iri ɗaya ne. Ita kuma R720, ku tabbata ƙofar iDRAC ɗinta ba ta kallon intanet, ku sauya kalmar sirrin da ta zo da ita, ku girka mata Debian a daren nan ta fara gina muku crossgcc. In kun kai ga sayen bod, ɗauko hoton lambar da aka buga a jikinta da na rubutun da ke kan ƙwayoyin filash ɗin biyu ka turo kafin ku biya kuɗi.